Tseren mata zalla: gardamar masu gudu a Amurka, da inda zancen ya taɓo mu

Duk mai ɗan'uwa ko ƴar'uwa a Amurka, wataƙila ya taɓa cin karo da irin hotunan nan a WhatsApp wajajen ƙarshen watan Fabrairu. Mata ne dubbai sun cika titi suna gudu gari bai ko waye ba, wasu da kambin gimbiya a ka, wasu da ɗan buje mai baza kamar na ƴar tsana, ga wani dogon gini mai tsini a bayansu sai ka ce fadar sarkin aljanu. Mai kallo daga Gazawa ko Cadawa sai ya riƙe haɓa ya ce, to, wannan kuma wane irin biki ne? Wa ya koro su?

Ba wanda ya koro su, jama'a. Kuɗi ma suka biya, masu yawa kuwa, don a bar su su yi gudun. Kuma tun ranar da aka fara wannan tsere masu gudu ke jayayya a kansa, maza da mata, har yau ba a sasanta ba. Mun ga ya dace mu warware wa masu sauraronmu na gida da na ƙetare yadda abin yake, domin in an cire kambi da buje, tambayar da ke ƙasa ta shafi ɗiyanmu mata na Agye, Gazawa da Gidan Rumji.

Wurin da abin ke faruwa

Sunan wurin Walt Disney World, kusa da birnin Orlando a jihar Florida. An buɗe shi a 1971. Filin shaƙatawa ne mai girman gari guda, cike da lilo iri-iri, da jiragen wasa, da otal-otal, da ma'aikata sanye da kayan Mickey Mouse da sauran taurarin katun ɗin da yara ke kallo a telebijin. Tun 1994 kamfanin ke shirya gudun famfalaki a cikin wurin kowane watan Janairu, na kowa da kowa. A 2009 kuma ya fito da wani na daban mai suna Princess Half Marathon, wato rabin gudun famfalaki na gimbiyoyi, wanda aka tsara musamman don mata.

Tsawonsa kilomita 21 da mita kusan ɗari. Kwatankwacin ka tashi daga Maradi ka je Tibiri ka dawo a ƙafa, kusan haka. A ƙarshen makon akwai kuma na kilomita 5 da na kilomita 10 ga waɗanda ba su kai ga dogon ba. Ana tashi wajen ƙarfe biyar na asuba, rukuni bayan rukuni, don a kauce wa zafin rana kuma a sakar wa masu yawon buɗe ido hanya. Ƙa'idar ita ce kada mutum ya wuce minti 16 a kowane mil, wato kusan minti 10 a kilomita. Wannan ba gudun tsira ba ne, tafiyar sauri ce irin ta wanda ke son ya riski motar kasuwa. Can a ƙarshen layi akwai wasu mata da ke tafe da balan-balan a ɗaure, su ne ma'auni. Wadda suka wuce, tana iya ganin an tsaida ta an sa ta a mota.

Kuɗin shiga dogon tseren ya haura dala 200. Dalar Amurka muke nufi fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. In aka juya, ya fi jikka ɗari, ban da kuɗin jirgi da otal da abinci. Duk da haka gurabe kan ƙare cikin ɗan lokaci da zarar an buɗe rajista.

Namijin da ya riga kowa

Abu na farko da ya kamata a sani: ba a hana maza shiga ba. Namiji na iya biya ya karɓi lamba ya yi gudunsa, a rataya masa lambar kammalawa kamar kowa. Amma tsarin ya kasance kyautar zakaru ta mata ce, kuma ba a sa maza a sahun farko wajen tashi.

Shekarar farko ma sai da aka yi abin kunya. Jaridar Wall Street Journal ta ba da labari a 2010 cewa wanda ya fara isa ƙarshen layi a tseren 2009 namiji ne, wani malamin makaranta daga birnin Miami. Shi da kansa ya shaida wa jaridar cewa da ya iso masu sanarwa tsit suka yi, ƴan kallo kuma suka ɗaure fuska. Ya ci tsere, amma ba wanda ya yi masa guɗa.

Daga irin wannan ne gardamar farko ta taso. Wasu maza masu gudu na cewa kuɗi ɗaya muka biya, hanya ɗaya muka bi, don me za a maida mu baya? Suna ƙarawa da cewa da wani ya shirya tseren maza zalla, da an yi masa ca. Matan kuma na amsawa da cewa a duk tseren gama-gari namiji ne ke tsinka zaren ƙarshe, a kansa kyamara take, shi ake yi wa tafi. Macen da ta zo ta ɗaya cikin mata takan shigo ne a tsakiyar cunkoson maza, wani lokaci ba wanda ya ma lura ta iso. To rana ɗaya a shekara da aka ce mace ce za ta tsinka zaren, ita ma sai an zo an karɓe?

Mu dai a ganinmu matan sun fi gaskiya a nan. Ba a hana namiji leƙa gidan suna ba, amma wanda ya shiga ya zauna kan tabarmar uwar biki ya san abin da ya yi. Kuma abin lura, akwai maza da yawa da ke shiga tseren nan ba a taɓa jin an yi kuka da su ba: miji da ke rakiyar matarsa, uba da ɗiyarsa, wa da ƙanwarsa, wasu har da ɗaura bujen don ban dariya. Suna tafe a gefe, suna riƙe gorar ruwa. Ashe ba kasancewar namiji a wurin ke ɓata rai ba, sai dai inda ya zaɓa ya tsaya.

Matan da su ma ba su so

Gardama ta biyu ta fi ta farko zafi, don tsakanin matan ne su ya su.

Akwai mata masu gudu da sunan tseren kansa ke ƙona wa rai. Suka ce gimbiyar tsofaffin katun ɗin Disney ai ita ce wadda ke zaune tana jiran yarima ya zo ya cece ta. Macen da ta yi wata huɗu tana tashi da asuba tana atisaye, ƙafa ta yi kanta, farce ya fita, don me ranar tsere za a ɗora mata kambin roba a ce mata gimbiya? Me ya sa duk abin da aka ce na mata ne sai an shafa masa ruwan hoda? A wajensu wannan raini ne da aka lulluɓe da zuma, kuma dabarar kasuwa ce: kamfani ya gano mata na da kuɗin kashewa, sai ya sayar musu da riga da takalmi da hoto da ɗakin otal.

Ɗaya ɓangaren kuwa, kuma su suka fi yawa a kan titin, cewa suke ba wanda ya tilasta musu. Da yawansu wannan ne tserensu na farko a rayuwa. Akwai wadda ta haihu uku jiki ya yi nauyi, akwai wadda ta tashi daga jinya, akwai wadda tun tana lakwal aka yi mata dariya a filin wasa ta rantse ba ta ƙara gudu gaban mutane. Irin waɗannan ba za su taɓa rubuta sunansu a tseren da ake auna mutum da agogo kawai ba. Amma da aka ce taron mata ne, za a je da ƙawaye, ba mai yi maka kallon banza in ka tsaya ka huta, sai suka fito. Wasu daga nan suka zarce har suka zama masu gudun kilomita 42.

Sai kuma masu sauri, maza da mata, da ke ƙorafin cunkoso: mutum na son ya kafa lokaci mai kyau, ga mata biyar sun jeru sun tare hanya suna hira, ga wasu sun yi layi a gefe suna jiran ɗaukar hoto da Cinderella. Amsar da akan ba su gajera ce. Tsere ya cika Amurka, je ka nemi wanda ya dace da kai.

Kamfanin ya taɓa buɗe irinsa na biyu a ɗaya filin nasa, Disneyland na jihar California, mai suna Tinker Bell Half Marathon, daga 2012 zuwa 2017. Na Florida ne ya ɗore.

To har yanzu ana buƙatarsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi. A Amurka, tun wajajen 2010 mata suka zarce maza yawa cikin masu kammala tseren titi. A rabin gudun famfalaki ma, an kai lokacin da kusan shida cikin kowane goma mata ne. Sai wasu suka ce ai magani ya yi aiki, a ajiye kwalbar.

Masu kare tseren mata sukan nuna wani lissafin. Mujallar Runner's World ta tambayi masu karatunta a 2016, inda kashi 43 cikin ɗari na mata suka ce akan tsangwame su a hanya in suna gudu, ko da jefi-jefi: fito, maganar banza, bin su da mota. Cikin maza kashi 4 ne kacal suka ce haka. Ke nan ranar tsere mata sun yi yawa, amma sauran ranakun atisaye, lokacin da mace take ita kaɗai a kan hanya da duku-duku, labarin daban ne.

Kuma ƙofar ba ta daɗe da buɗewa ba. A gasar Olamfik ta 1928 a Amsterdam an bar mata sun yi tseren mita 800, jaridu suka zuzuta cewa sun zube don gajiya, sai aka soke shi. Bai dawo ba sai 1960. Shekara 32 ana cewa jikin mace ba ya jure zagaye fili sau biyu. A 1967 wata ɗaliba mai suna Kathrine Switzer ta yi rajistar gudun famfalaki na Boston da haruffan farko na sunanta, K. V. Switzer, aka ba ta lamba 261. Ana cikin gudu ɗaya daga cikin shugabannin tseren, Jock Semple, ya diro ya cafko ta yana ƙoƙarin yage lambar. Abokan tafiyarta suka ture shi, ta ƙarasa. Sai 1972 Boston ta amince da mata a hukumance. A shekarar ce kuma aka yi tseren titi na mata zalla na farko a New York, mata 78 suka fito. Wanda ya ɗauki nauyinsa kamfani ne mai sayar da man aske gashin ƙafa na mata, ka ga tun ran gini tun ran zane, kasuwa na biye da abin. Gudun famfalakin mata bai shiga Olamfik ba sai 1984 a Los Angeles, inda Joan Benoit ta Amurka ta lashe. Ita kuwa Switzer ta koma Boston a 2017, tana da shekara 70, ta sake gudun da lambarta 261.

Ko a wajen ƙwararru, hukumar wasannin guje-guje ta duniya tun 2011 ta raba bajintar mata a tseren titi gida biyu: wadda aka kafa a tseren da maza ke ciki suna ja wa mace gaba, da wadda aka kafa tsakanin mata zalla. Ta biyun, Tigst Assefa ta Habasha ta taɓa kafa ta a Landan a 2025 da awa 2, minti 15, daƙiƙa 50.

Na Afirka ba su da kambi

Kada a ɗauka abin na Turawa ne kawai. A wancan Olamfik na 1984, wata ƴar Maroko, Nawal El Moutawakel, ta ci zinare a tseren mita 400 na tsallake shinge. Da ta koma gida ba ta tsaya kan nata ba. A 1993 ta kafa tseren mata a titunan Kasablanka, wanda daga baya ya riƙa tara mata har kusan dubu 30. A cikinsu akwai mai wandon wasa, akwai mai jallabiya da ɗankwali, kaka da jika. A Addis Ababa, masu shirya Great Ethiopian Run, wanda Haile Gebrselassie na cikin waɗanda suka kafa, suna yin tseren mata na kilomita 5 tun 2004, a watan Maris, daidai da ranar mata ta duniya. Maƙwabtanmu ma, a Legas, akwai Lagos Women Run na kilomita 10 tun 2016.

Ba ɗaya cikin waɗannan da ke da fadar aljanu ko kambin roba, amma mata sun fito. Wannan ya nuna mana mene ne ainihin abin da ke jawo su. Wuri suke so da mace za ta yi gudu, ta yi zufa, ta yi haki, ba tare da ta zama abin kallo ba, don duk wadda ke gefenta hakin take.

Mu dawo gida

Wanda ya taɓa tsayawa bakin filin lakwal a Gangara ko Cadakori lokacin wasan motsa jiki ya san muna da ƴan mata masu ƙafa. Akwai yarinyar da in aka busa usur sai ta bar maza a baya, ba takalmi, zane a ɗaure. Ka dawo bayan shekara huɗu ka tambaye ta. Ƙididdigar da hukumomi ke amfani da ita ta nuna kusan uku cikin huɗu na ɗiyan Nijar mata ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma jihar Maradi na cikin inda abin ya fi yawa. Ko wadda ba a aurar ba, da ta fara zama budurwa gudu ya zama abin kunya. Babbar mace in tana gudu a gari, mutane fitowa suke su tambayi wa ya rasu ko ina ke gobara.

Duk da haka ƙasar nan ta fidda mata masu gudu. Rachida Mahamane tana yarinya ƙarama ta yi tseren mita 5,000 a Olamfik na Atlanta a 1996, ita ce mace ta farko da ta wakilci Nijar a gasar. Aminatou Seyni, haifaffiyar Doso, ta ci zinaren Afirka a mita 200 a 2022, kuma a shekarar ta zo ta huɗu a gasar duniya a birnin Eugene na Amurka. Ta huɗu a duniya kaf! Su nawa ne irinta suka wuce ta Gidan Sori ko Saye Sabuwa ba wanda ya riƙe musu agogo? Ɗan kokowa yana da tsani: daga dandalin ƙauye zuwa kwamin, zuwa gunduma, zuwa filin Kantu na Maradi, har ya je neman takobi, gasar da ake yi tun 1975. Kokowa kuwa ta maza ce zalla, kuma ba mu taɓa jin wanda ya kira haka wariya ba.

In yau aka ce wata kwamin za ta shirya tseren mata, mun san maganganun da za su tashi, don ba baƙi ba ne.

Na farko zai ce matanmu ai kullum cikin motsa jiki suke: daka, jan ruwa a rijiya mai gaba talatin, itace, gona, ga goyo. Wane gudu kuma? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma duk mai kawo shirin da bai saurare ta ba zai sha kunya. Macen ƙauye ba ƙiba ke damunta ba, sau da yawa ƙarancin jini ne da rashin hutu. Amma aiki daban, wasa daban. Namijin da ya wuni yana huɗa ai shi ne da kaka ke ɗaura walki ya shiga fili, ba wanda ya ce masa noma ya ishe shi. Sannan akwai matan cikin gari, na Agye da Gidan Rumji da Tibiri, malaman lakwal, ma'aikatan asibiti, ƴan kasuwa masu wuni a zaune, da matan kulle, waɗanda hawan jini da ciwon suga suka fara kamawa. Hukumar lafiya ta duniya na ba babban mutum shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Su waɗannan a ina za su yi?

Na biyu zai kawo batun sutura da kunya, kuma shi ma ba abin wasa ba ne a wurinmu. Sai dai a nan ne ma tseren mata zalla ya fi dacewa da mu fiye da Amurka. Malamai sun san ruwayar da ke cikin Abu Dawud cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake ya tsere mata, kuma a ruwayar Imam Ahmad sai da ya ce wa sahabbai su yi gaba tukuna. Tufafi kuma ba su hana ba. Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain ta ci zinaren mita 200 a gasar Asiya ta 2006 a Doha jikinta rufe, kai da hijabi. Sifan Hassan, da ta lashe gudun famfalaki a Olamfik na Paris a 2024, da hijabi ta hau karɓar lambarta a gaban duniya.

Na uku, mai yiwuwa ma mace ce mai ilimi, za ta ce ware mata koma baya ne, a bar su su shiga na kowa da kowa. Irin maganar matan Amurka ke nan masu ƙin kambi. Amsarta tana nan cikin jiharmu. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi. Mata ne zalla ke zama da akwatinsu, su zuba, su ba juna bashi, su raba. Da an ce tun farko a haɗa da maza, wa zai riƙe makulli, wa zai yi magana, wa zai yi shiru? Kowa ya san amsa. A cikin wannan zama na su ya su ne mata suka koyi lissafi da tsayawa gaban taro, har wasu suka fito takarar kansila suka ci, tsarin kuma ya bazu ƙasashe da dama. Zaman su kaɗai bai tsare su a ɗaki ba, daga nan suka fito.

In za a yi

Ba sai an kwaikwayi Florida ba. Jikka ɗari kuɗin shiga, a wurin da buhun hatsi ke gagarar gida, ai zancen banza ne. Kyauta ya kamata ya zama, tukuicin kuma abin da ke da amfani: turmin atamfa, kayan lakwal, akuya ga ta ɗaya. Kilomita 3 ko 5 sun isa, a kuma yarda da tafiyar sauri ga manya, kamar yadda Disney ta yarda. Wannan kam sun yi dabara, don da sun ce sai mai gudu tsantsa, da rabin matan ba su zo ba.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ranar da za ta fara zuwa a rai ita ce 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ke tuna tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 da aka sa mace ɗaya tak cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, har sai da aka ƙara musu kujeru. Ma'anar ta dace ƙwarai, amma Mayu a Maradi tsakiyar bazara ce, zafi kan wuce digiri 40. In za a yi a ranar, to a tashi da an sallame asuba, a gama kafin rana ta ɗaga, da ruwan sha a kowane kilomita da ma'aikaciyar lafiya a kusa. Lokacin ɗari, Disamba ko Janairu, an gama kaka, ya fi sauƙi ga kowa. Mai ciki, da mai jego sabuwa, da mai hawan jini su fara ganin likita.

Sai babbar tambaya, wadda ita ce dai ta Disney: maza ina za su tsaya? In cikin filin lakwal mai katanga za a yi, mata su riƙe ƙofa, magana ta ƙare, kuma mai yiwuwa nan ya kamata a fara don mazaje da iyaye su saki jiki. In kuwa a titi ne, to aikin ba na magajin gari da mai gari kaɗai ba ne. Samarin fada da ƴan kabu-kabu su ne a bakin hanya. Fito ɗaya, ko bidiyo ɗaya da aka ɗauka a ɓoye aka watsa a WhatsApp da maganar banza a ƙasa, ya isa ya sa uwaye goma su hana ɗiyansu fitowa baɗi. Gara tun da wuri a zauna da su a fadarsu, a ba su aiki: wasu su tare hanya kada babur ya ratsa, wasu su ɗauko jarkokin ruwa, wayoyi kuma su zauna a aljihu.

A can ƙarshen layi kuma, wurin masu balan-balan, sai a sa dattijai mata biyu daga cikin shugabannin asusu, su taho a hankali da carbinsu. Su ba mota za su kira wa wadda ta gaji ba, tare za su ƙarasa da ita.